Sanda Uku Duk Suna Ja: Nazarin Kuskuren Awo a Wani Zubin Alminiyum Daga Zariya

Ƙarfen da aka narka aka zuba a mazubi ba ya hucewa lokaci guda. Inda yake siriri shi ke fara daskarewa, inda yake da kauri ya biyo baya. Da yake jikin ɗaya ne, ɓangaren da ya makara yana neman ya tsuke, wanda ya riga shi daskarewa kuma ya hana shi. Bayan komai ya yi sanyi, sai a bar ƙarfin ja a wani wuri, ƙarfin matsi a wani wuri, duk a kulle cikin ƙarfen, alhali ba a ɗora masa nauyin komai ba. Wannan shi ne ragowar takura. Ido ba ya ganinta, guduma ba ta faɗinta, amma ita ke sa kaya ya karkace da an ɗora shi a kan injin gyara, ko ya tsage da ɗan aikin da bai kai ya tsaga shi ba.

Lamarin da zan bi diddiginsa a nan ya taso ne daga wani wurin zubi a Sabon Garin Zariya. Mai wurin dattijo ne da ya fara da zubin tukwane, daga baya ya koma zuba fuli da murafen famfo ga masu injin niƙa da masu noman rani na bakin kogin Galma. Kayan aikinsa tsoffin fistin ne da kawunan inji da gwangwanayen lemo da yake saye wurin 'yan gwangwan, ya narka da gawayi, ya zuba a mazubin yashi. Kukan da ya dame shi ɗaya ne: fulin da yake yi yana tsagewa a inda hannu, wato sandar da ta taso daga cibiyar fulin, ya haɗu da bakin da'irarsa, wani tun kafin ya yi wata a kan inji.

Yana da 'yar ɗan'uwa, injiniya ce mai karatun digiri na uku a ƙetare a fannin ƙarafa. Ita ta ce a auna a gani. Ta samu damar da ba kowa ke samu ba, wato 'yan kwanaki a wata cibiyar bincike da ke da na'urar auna takura da niyutiron, wato ɗan ƙwayar da ke cikin cibiyar atam wanda ba shi da cajin lantarki. Irin wannan lokaci rubuta buƙata ake yi, kwamitin masana ya tace, galibi sau biyu a shekara, kuma abin da ake ba mutum kwanaki ne ƙalilan. Wanda ya ɓata nasa sai ya jira wani zagayen.

Yadda ake awon

Niyutiron ba ya auna takura kai tsaye, kuma rabin kurakuran wannan fanni daga mantawa da haka suke fitowa. Abin da yake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin layukan atam a cikin ƙwayoyin ƙarfe. Ana harba niyutiron mai sanannen tsawon zango, ya shiga ƙarfen, ya karkace ya fito ta wata kusurwa. Dangantakar kusurwar da tazarar layukan ita ce dokar Bragg, wadda wasu masana biyu, uba da ɗa masu suna Bragg, suka kafa a 1913 da hasken eksire. Shi niyutiron ɗin James Chadwick ne ya gano shi a 1932, Ernest Wollan da Clifford Shull suka fara amfani da karkacewarsa wajen nazarin kiristal a Oak Ridge ta Amurka a shekarun 1940, sannan a farkon shekarun 1980 aka soma juya dabarar kan kayan injiniya. Dalilin da ya sa ake wahalar nemansa shi ne zurfin shiga. Hasken eksire na ɗakin gwaji ba ya wuce fatar ƙarfe, ƙasa da kaurin takarda. Niyutiron kuwa sai ya ratsa wajen milimita 8 na baƙin ƙarfe, ko wajen milimita 100 na alminiyum, kafin ƙarfinsa ya ragu zuwa kusan sulusi. Ke nan ana iya leƙa tsakiyar zubi ba tare da an yanka shi ba.

A alminiyum an fi amfani da layukan da ake kira 311, masu tazarar kusan nanomita 0.122 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), a zaɓi niyutiron mai zangon wajen nanomita 0.17 domin karkacewar ta fito kusa da digiri 90. Da haka wurin da hasken shiga da na fita suka haɗu yakan zama ɗan akwati mai kusurwa huɗu, a nan milimita 2 ta kowane gefe. Shi ne gurbin awo. Ana matsa kayan a kan tebur har gurbin ya faɗa inda ake so.

Sai a lura da ƙanƙantar abin da ake nema. Miƙewar kashi 100 cikin miliyan ba ta motsa tudun da na'ura ke gani, wato kusurwar da niyutiron suka fi taruwa a zanen ƙirgarta, sai da kusan digiri 0.01. Kuma miƙewa ba a saninta sai an kwatanta tazarar da aka auna da tazarar asali, wato wadda wannan ƙarfen ɗin zai nuna da babu takura a jikinsa. A takardu ana rubuta ta d0. Bayan nan a auna ta fuska uku, tsawo da faɗi da kauri, a haɗa da lambar Young, mai nuna taurin ƙarfe wajen miƙewa, da ta Poisson, mai nuna yadda yake sirancewa idan an ja shi, sannan takura ta fito da megafaskal, ma'aunin ƙarfin ja ko matsi.

Wani zai ce ai akwai riyakta, wato tukunyar nukiliya mai samar da niyutiron, a Samaru. Akwai: NIRR-1 da ke Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004, aka kuma sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mai ƙarancin tacewa a 2018. Amma ƙarama ce, wajen kilowat 30, kuma an gina ta ne domin a tura samfur cikinta a gano sinadaran da ke jikinsa. Awon takura yana buƙatar kwararar niyutiron mai yawa da ake fitowa da ita waje ta bututu. A Afirka irin wannan na'ura tana Pelindaba ta Afirka ta Kudu, ana kiranta MPISI, a jikin riyakta SAFARI-1 mai megawat 20. Sauran sanannu su ne SALSA a Grenoble ta Faransa, ENGIN-X a Ingila, STRESS-SPEC kusa da Munich ta Jamus, da KOWARI a Ostireliya.

Abin da aka zuba, da abin da ya dawo

Injiniyar ta yi dabara mai kyau tun farko. Ba ta ɗauki fuli ba, domin siffarsa na da wuyar lissafi. Ta sa baffanta ya zuba abin da masu koyar da zubi suka daɗe suna amfani da shi: firam mai sanda uku a jere, an haɗe kawunansu da gindinsu da kauraran katanga biyu. Sandar tsakiya faɗinta milimita 30, na gefe kowace milimita 10, kaurinsu duka milimita 20, tsawonsu milimita 200. An zuba firam da dama daga narki ɗaya a rana ɗaya. Ɗaya ya yi tafiya, sauran suka zauna a shago.

Da ta dawo hutu ta kawo mini jadawalin, don na koyar da ita a baya. Matsakaicin takurar tsawo a sandar tsakiya ja ne na wajen megafaskal 60. A sandunan gefe kuma ja ne na wajen megafaskal 10. Kusa da kowace lamba manhajar ta buga ƙiyasin kuskure na megafaskal 5 ko ƙasa. Ta ce, "Malam, 60 fa. Irin wannan zubin ba ya wuce 80 zuwa 100 yake fara sakin jiki. Ina ganin mun gano abin da ke tsaga fulin Baffa. Sai ya gina tanderun gashi." Nufinta a riƙa mayar da kayan wuta bayan zubi, a bar su su huce a hankali don takurar ta saki. Ga mai ƙaramin shago wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga gini, ga ƙarin gawayi, ga kwana guda da zai ƙaru a kan kowane aiki.

Da aka karanta wa dattijon sakamakon, bai yi gardama da lambobin ba. Cewa ya yi, "Injiniya, ni dai abin da na sani, siraran nan idan abin ya yi yawa lanƙwasa suke yi, ba tsinkewa ba. Mai kaurin ce ke tsagewa." Abin da ke lanƙwasa matsa shi ake yi. Jadawali ya ce siraran ja ake yi musu, hannun mai sana'a ya ce matsi ne.

Lissafi yana bayan dattijon, kuma lissafin ba ya buƙatar na'ura. Firam da ke ajiye a kan benci babu mai jansa, babu mai tura shi. Idan aka yanka shi a tunani ta tsakiya, jimillar ja da matsi a sandunan uku dole ta zama sifili. Fuskar sandar tsakiya murabba'in milimita 600 ce, na gefe biyu a haɗe 400. Idan tsakiya na ja, tilas gefe su kasance cikin matsi, kuma matsin ya ninka jan sau ɗaya da rabi. Sanda uku duk suna ja abu ne da ba zai yiwu ba, ko wace cibiya ce ta buga takardar. Idan kuma aka tambaya, nawa za a cire daga kowace lamba don ma'auni ya daidaita, amsar 40 ce: tsakiya ta koma ja na 20, gefe su koma matsi na 30.

Shaida ta biyu ma tana cikin jadawalin, a layukan da ba a kula da su ba saboda hankali ya tafi kan takurar tsawo. Doguwar siririyar sanda, nesa da mahaɗa, ba ta da abin da zai riƙe ta ta faɗi ko ta kauri, don haka takura ta waɗannan fuskoki ya kamata ta tsaya kusa da sifili. A jadawalin kuwa duk suna yawo a kusa da 40. Lamba ɗaya da ta hau kan kowace fuska, a kowace sanda, ba daga firam ɗin ta fito ba. Daga abin da aka kwatanta shi da shi ta fito.

Tazarar asali

Mai awon hatsi da mudun da ya gaza, kowane buhu ya auna sai ya ga ya yi rara, kuma rarar daidai take a kowane buhu. Haka d0 take. Idan ta gaza, kowane wuri a jikin kayan sai ya bayyana kamar an miƙe shi ta kowace fuska. Kuma lissafi yana kumbura kuskuren. Idan miƙewar ƙarya ta shiga fuskoki uku daidai wa daida, ba lambar Young kaɗai ake ninka ta da ita ba, sai an raba lambar da abin da ya rage bayan an cire ninki biyu na lambar Poisson daga 1. A alminiyum lambar Young gigafaskal 70 ce, wato megafaskal 70,000, a raba da 0.34, ya ba da kusan gigafaskal 206. Ke nan kuskuren kashi 100 cikin miliyan a d0 yana haifar da takurar ƙarya ta kusan megafaskal 20. A baƙin ƙarfe ya haura 50. Megafaskal 40 da muke nema kuskuren kashi 200 ne kacal cikin miliyan.

Na tambaye ta daga ina samfurin d0 ya fito. Ta ce ta yanko shi daga wuyan zubi, wannan dunƙulen da ake gutsurewa a mayar tukunya, sannan ta gasa shi a tanderun ɗakin gwaji ta bar shi ya huce a hankali, don ta tabbatar babu sauran takura a cikinsa. Niyyar daidai ce, kuma ɗalibai da yawa haka za su yi. Sai dai gashin bai tsaya kan takura ba, ya taɓa abin da ke cikin ƙarfen.

Alminiyum na zubi ba tsantsa ba ne. Akwai silikon da maganiziyom da tagulla a narke tsakanin atam ɗinsa, kuma kowannensu yana sauya tazarar layuka ba tare da wata takura ba. Maganiziyom yana buɗa ta, kashi 1 cikin ɗari na atam yana ƙara kusan kashi 1,000 cikin miliyan. Tagulla da silikon tsuke ta suke yi. Narkin dattijon kuwa maganiziyom bai yi masa ƙaranci ba, domin fistin na ɗauke da shi, jikin gwangwanin lemo na da wajen kashi 1 cikin ɗari, murfinsa ya haura kashi 4. A sandar da ta huce da sauri, wani kaso na maganiziyom yana maƙale a narke. A samfurin da aka gasa aka bari ya huce sannu, yana fita ya haɗu da silikon su zama wasu 'yan ƙwayoyi dabam. Fitar kashi 0.2 cikin ɗari kawai ta isa ta kawo kashi 200 ɗin nan. Wuyan zubi kuma, da yake shi ne ƙarshen daskarewa, tun kafin gashi ma haɗinsa ba lalle ya zo ɗaya da na sanda ba.

Akwai hanya ta biyu da gashin ya bi ya rage d0, kuma ita ce ta fi ɓuya. Cikin irin wannan zubi akwai ƙwayoyin silikon zalla a warwatse. Idan zafi ya sauka da digiri 1, alminiyum na tsukewa da kusan kashi 23 cikin miliyan, silikon kuwa bai kai kashi 3 ba. Don haka ko a ɗan guntun da babu wata babbar takura, alminiyum ɗin da ke kewaye da silikon yana cikin ɗan ja, silikon ɗin na cikin matsi, su biyun suna soke juna. Na'urar kuwa tudun alminiyum kaɗai aka sa ta kalla. Idan samfurin d0 yana ɗauke da wannan ƙaramin ja daidai da na sandar, sai ya fice wajen ragi, babu matsala. Idan an gasa samfurin ja ɗin ya saki, sai ragowar ta bayyana a jadawali kamar takurar firam ce.

Zafin ɗaki ma yana da nasa rabo. Bambancin digiri 4 zuwa 5 tsakanin lokacin da aka auna samfurin d0 da lokacin da aka auna firam ya isa ya ba da kashi 100 cikin miliyan. Shi ya sa masu hankali ke manna ma'aunin zafi a jikin kayan, su kuma maimaita awon d0 a farko da tsakiya da ƙarshen aiki.

Abin da ya dace shi ne a yanko ƙananan guntaye daga tagwayen firam ɗin, daga ainihin wuraren da aka auna, da yankan waya mai tartsatsin lantarki wanda ba ya murɗa ƙarfe kamar zarto, kuma kada a kai su kusa da wuta. Ƙanƙantar guntun ita ke sakin babbar takura, haɗin sinadari da ƙaramar takura kuwa su zauna yadda suke. Wasu kan yanka shi kamar matsefi don a bi sauyin d0 daga wuri zuwa wuri. Ƙa'idar ISO 21432 ta 2019 ta tanadi waɗannan hanyoyi, har da amfani da daidaiton ja da matsi wajen binciken d0.

Ƙwayoyi masu girma

Gyaran d0 ya daidaita matsakaici, amma bai taɓa matsala ta biyu ba, wadda a ganina ta fi haɗari saboda ba ta da alama ɗaya da za a cire. A sandar tsakiya, wurare biyu da ke maƙwabtaka, tazarar milimita 10, sai a ga sun bambanta da megafaskal 30 ko fiye. Sanda madaidaiciya mai kauri ɗaya ba ta da dalilin yin haka. Injiniyar ta lura da wannan tun tana can, ta maimaita awon wuri guda, amsa ta dawo daidai. Ta ƙara lokacin ƙirga, ƙiyasin kuskure ya ragu, lambar ba ta motsa ba. Sai ta yarda da ita. A nan ne nake so duk mai karanta irin wannan jadawali ya tsaya.

Ƙiyasin kuskuren da manhaja ke bugawa amsar tambaya ɗaya ce tak: da yawan niyutiron ɗin da aka ƙirga, yaya aka san tsakiyar wannan tudun? Ba ya cewa komai kan ko tudun yana wakiltar ƙarfen da ke wurin. Dabarar gaba ɗaya an gina ta ne kan zaton cewa gurbin awo cike yake da ƙwayoyi dubbai masu fuskantar ko'ina. A ƙarfen da aka murza, mai ƙwayar milimita 0.05, gurbin milimita 2 ta kowane gefe yana ɗauke da ƙwaya wajen 64,000. A zubin yashi da ya huce a hankali, ba tare da an sa masa sinadarin rage girman ƙwaya ba, ƙwaya na iya kai milimita 1, a gan ta da ido bayan an goge an zuba ruwan asid. Gurbin nan ke nan ƙwaya 8 yake ɗauka. Cikinsu ma ba duka ke karkatar da niyutiron zuwa na'ura ba, sai wadda layukanta suka dace da kusurwar. Sau da yawa ɗaya ce ko biyu, wani lokaci babu ko ɗaya.

Illar kashi biyu ce. Ƙwaya ɗaya tana da tata takurar da maƙwabtanta suka ɗora mata, wadda ba ita ce ta sandar ba. Sannan ƙwayar ba lalle ta zauna a tsakiyar gurbi ba. Na'ura tana lissafin kusurwa ne kamar daga tsakiyar gurbin niyutiron ya taso. Idan mai gano niyutiron yana nesa da mita 1, ƙwayar kuma ta goce da milimita 0.2, kusurwa za ta goce da abin da ya yi daidai da miƙewar kashi 100 cikin miliyan. Gocewar rabin milimita ta ba da 250. Babu wani atam da ya matsa. Kuma tunda ƙwayar tana nan inda take, maimaita awo sau goma zai ba da amsa iri ɗaya sau goma, tudun ma ya fito siriri mai kyau, ƙiyasin kuskure ya yi ƙanƙanta. Mafi kyawun lamba a jadawali tana iya zama mafi muni.

Maganin ba ƙarin lokaci ba ne, ƙarin ƙwayoyi ne. A riƙa kaɗa kayan da 'yan digiri hagu da dama yayin ƙirga don wasu ƙwayoyin su shigo. A tsawaita gurbi ta fuskar da takura ba ta sauyawa, a nan tsawon sanda. A auna wuri, a juya kayan digiri 180 a sake aunawa, domin gocewar ƙwaya takan juya alama, matsakaicin biyun ya fi kusa da gaskiya, bambancinsu kuma ya nuna ainihin girman kuskuren. Abin da ya ceci wannan aikin shi ne ta auna wurare da yawa a kowace sanda, don haka matsakaicin ya tsaya da ƙafarsa duk da kowane wuri shi kaɗai ba abin dogaro ba ne.

Irin wannan gocewa tana faruwa kuma idan gurbi ya leƙa waje da fatar kaya, ko ya faɗa kan ramin iska. Zubin da aka yi da damina, da danshi a yashi da jikin gwangwan, ba ya rasa ramukan haidurojin. Wurare biyu na bakin sandar gefe an jefar da su saboda wannan, domin fatar zubi ba ta miƙe kamar yadda zane ya nuna ba.

Ba wai dabarar ce ba ta da kirki ba. Lokacin da aka zagaya da samfur guda na zobe da toshe na alminiyum cibiyoyi da dama na duniya ƙarƙashin VAMAS, wani shirin ƙasa da ƙasa na daidaita hanyoyin awo, sakamakonsu ya zo kusa da juna da kimanin kashi 100 cikin miliyan. Amma wancan ƙarfe ne mai ƙananan ƙwayoyi, mai haɗi ɗaya ko'ina, da d0 da kowa ya auna daga abu guda. Zubin yashi daga gwangwan ba ya cika ko ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa. Wanda ya ɗauko amincin wancan ya ɗora wa wannan ya zalunci mai shagon da zai kashe kuɗi a kan maganarsa. Masu aiki da ƙarfen kas nasu ya fi haka wuya, domin garafayit ɗin ciki kusan ba ya ɗaukar kaya, kuma taurin da ake gani a gwajin ja ya yi ƙasa sosai da na ƙwayoyin ƙarfen da niyutiron ke kallo. Wanda ya musanya lambobin biyu zai iya kuskure da kusan ninki.

Zarto

An ɗauko ɗaya daga firam ɗin da suka rage a shago. Aka buga alama biyu kusa da juna a sandar tsakiya, aka auna tsakaninsu da ma'auni mai karanta kashi 1 cikin 100 na milimita, aka yanke sandar da zarton hannu a tsakanin alamun, a hankali, aka bar ta ta huce a inuwa kafin a sake aunawa. Idan tsakiya na cikin ja, yankan zai buɗe: ita ta tsuke, na gefe su miƙe. Da ja na 20 da matsi na 30, lissafi ya ce buɗewar ta zama tsawon sanda 200 sau bambancin takura 50 a raba da lambar Young 70,000, wato milimita 0.14, da ɗan ƙari saboda katangun kai da gindi su ma suna sakin lanƙwasarsu. Abin da aka samu wajen 0.15 ne.

Zarto bambancin sandunan kawai yake gani, kuma bambancin da niyutiron ya bayar tun farko, 60 a cire 10, shi ma 50 ne. Na'urar ta auna abin da aka sa a gabanta daidai. Da aka samu wani ɗan lokaci a zagaye na gaba, aka auna guntayen da aka yanko daga sandunan tagwayen firam ba tare da gashi ba, d0 ta fito sama da ta farko da kusan abin da daidaiton ja da matsi ya nuna.

Ja na megafaskal 20 a firam ba ya wanke fuli kai tsaye, domin siffarsu ba ɗaya ba ce, kuma takura takan taru a lungu. Amma ya isa ya sa a dakatar da ginin tanderu a koma kan fasassun fulin da masu inji suka dawo da su. Fuskar tsagar da yawansu ba ta da ƙyallin sabon karaya. Ta yi duhu, ga ta da gurje-gurje kamar rassa, alamar ƙarfen ya yage ne tun yana da zafi a cikin mazubi, lokacin da bai gama daskarewa ba, inji kuma ya ƙarasa abin da ya riga ya fara. A ƙarƙashin madubin ƙara girma an ga dogayen allurai na haɗin baƙin ƙarfe da silikon, masu gautsi, waɗanda ke zuwa daga ƙusoshi da zobban fistin da ke shiga narki, da kuma tukunyar ƙarfen da ake narkawa a ciki.

Abin da dattijon ya sauya bai kai kuɗin tanderu ba. Ya zagaye lungun da hannu ke haɗuwa da baki a jikin samfurin katako, ya rage bambancin kauri tsakaninsu, ya lanƙwasa hannuwan kamar yadda ake gani a tsoffin fulin kas don su sami wurin bayarwa yayin tsukewa. Ya sa yaransa su bi gwangwan da maganaɗisu kafin ya shiga wuta, su shafe cikin tukunya da laka, su kuma gasa kayan narki su bushe kafin a jefa. Injiniyar ta sake rubuta babin wannan awo a kundin digirinta, ta bayyana yadda aka samo d0 duka biyun, ta maye gurbin ƙiyasin manhaja da wanda ta lissafa daga bambancin wurare maƙwabta, wanda ya ninka na farkon sau da dama. Buƙatar da ta tura ta zagaye mai zuwa fuli biyu ce, tsohon zane da sabo, tare da guntayen d0 daga hannu da baki da cibiya na tagwayensu, kuma ta ware kusan sulusin lokacin don awon guntayen da juyin digiri 180.